Shawarar da Ta Kama Baffa Kafin Suna

Sunana Zuwaira. Shekara biyar ke nan da aka kawo ni Agege daga Funtuwa. Mijina, Abban Hanifa, haifaffen nan Legas ne, albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12. 'Ya'yanmu biyu, Hanifa da ƙanenta Baffa, wanda yanzu ya shiga wata goma sha ɗaya, yana rarrafe yana jawo mini kwanuka. Sai yanzu na iya zama in rubuta abin da ya same shi a satin haihuwarsa. Saboda masu jego na rubuta, da iyayen da ke zuwa yi musu wanka, domin abin da ya kusa raba ni da yaron nan yana cikin ɗakin kusan duk macen da na sani.

Ranar wata Talata da hantsi na haihu, a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan layinmu. Haihuwa ta zo da sauƙi, washegari aka sallame mu. Inna, mahaifiyata, ta riga ta iso daga Funtuwa da tsohon akwatinta na ƙarfe, cike da kayan jarirai: wasu sababbi, wasu na Hanifa ne da na bari a gida. Ta zuba ƙwayoyin kafur a ciki saboda kyankyaso da asu, kamar yadda take yi tun muna yara. Da aka buɗe akwatin ƙamshin ya cika ɗaki. Ni kaina son ƙamshin nan nake yi, a wurinmu ƙamshin tsabta ne. A cikin kayan nan muka naɗe yaro, riga da hula da safa da tawul, muka rufe taga saboda kada iskar damina ta shige shi.

Ranar Alhamis maƙwabciyata Iya Tope, wata dattijuwar Bayarabiya da ke sayar da kayan miya a ƙofar gidanmu, ta shigo barka. Ta karɓi yaro, maimakon ta zauna sai ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ta danna masa hanci da yatsa, ta saki, ta sake dannawa.

Ta ce, "Maman Hanifa, dis pikin yellow o. Ki kai shi asibiti, yau yau."

Inna ta tambaye ni me ta ce, na fassara mata cewa yaron ya yi rawaya, a kai shi asibiti. Ta yi murmushi ta ce ai launin jariri ba ya zama sai an yi arba'in, a yi mata godiya kawai. Na yi mata godiya. Wannan godiyar tana cikin abubuwan da har yau nake tunawa da nadama.

Ranar Juma'a farin idonsa ya koma kamar gwaiduwar ƙwai. Ya rage kama nono, sai barci. In na sa masa a baki ya ja sau biyu ya saki. Yaya Talatu, yayar mijina, ta zo daga Ogba, tana ganinsa ta ce shawara ce, nata ma biyu sun yi, a riƙa fitar da shi ranar safe, a ba shi ruwan gulukos. Wata ta aiko da saƙo a jiƙa ganyen gwanda. Na ce ko dai mu koma asibiti? A nan ne Inna, wadda ba ta cika ɗaga murya ba, ta juyo ta dube ni.

"Ba a yi wa mai shawara allura, Zuwaira. In kika kai shi, allura za su fara yi masa. Ban yarda ba."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Muka fitar da shi rana, muka ɗiga masa gulukos da cokali.

Ranar Asabar da safe na warware shi zan canza masa riga, sai na ga rawayar ta sauko har tafin ƙafarsa. Ina ɗaga shi ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba, siriri, mai tsini, kamar na 'yar kyanwa da aka take. Sai ya banƙare, kansa ya koma baya, hannayensa suka sanƙare. Ya saki, ya sake yi. Ban san lokacin da na ɗauki waya ba. Abban Hanifa yana kasuwa, motar albasa ta iso ana saukewa. Na ce masa, "Ka zo, yaron nan mutuwa zai yi." Bai tambaye ni komai ba, ya ce in fita da shi, mu haɗu a asibiti.

Inna ta riƙe gefen mayafina a bakin ƙofa. Ban taɓa fizge jikina daga hannun mahaifiyata ba sai ranar. Da ta ga na fita, ta zura takalmi ta biyo ni.

A ƙaramin asibitin da na haihu, nas ɗin ta buɗe tawul kawai ta mayar ta rufe, ta ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu wuce babban asibitin gwamnati, kada mu tsaya ko'ina. Su ne kuma suka sallame mu washegarin haihuwa ba tare da wani ya ce mana mu lura da idon yaro ba. Wannan ƙorafin ina da shi a kansu har gobe.

An yi ruwa, hanya ta cushe. Muna cikin keke napep, motar haya danfo a gaba, wata danfo a baya, kowa na danna oda, ba mai motsi. Ina ta sa yatsa a ƙasan hancinsa in ji ko yana numfashi. Na karanta duk addu'ar da na sani, har na koma ina maimaita sunan Allah kaɗai, don sauran sun ɓace mini.

A babban asibiti muka tarar da layin yankar kati ya fito har baranda. Mai ba da katin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in bi layi. Ina tsaye ina kuka, ina ce wa Inna da Hausa ba zai kai ba, wallahi ba zai kai ba, sai wata nas da ke wucewa ta tsaya. Sista Saratu sunanta, 'yar Filato ce, Kirista, Hausa a bakinta kamar 'yar Zariya. Ta ce, "Mu gani, ƙanwata." Tana gani ta karɓe shi daga hannuna, ta ce kati ya jira, ta kama gudu muna bin ta.

Likitar ɗakin jarirai mace ce, siririya, mai gilashi, ba ta jin Hausa. Tana warware yaron ta tsaya, ta ɗaga tawul ɗin ta kai hancinta. Ta tambaye ni da Turanci, Sista Saratu ta maimaita da Hausa: "Kafur kuka sa a kayansa?" Na ce e. Nan take ta sa aka tuɓe masa komai, har hula, aka ɗaure a leda aka fitar waje. Aka ɗebi jininsa, aka rufe masa ido da wani ƙyalle, aka kwantar da shi daga shi sai nafkin a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Abban Hanifa ya iso a lokacin, rigarsa duk ƙurar buhun albasa.

Sakamakon ya fito bayan azahar. Likita ta ce ƙwayoyin jininsa ne ke farfashewa, dattin da suke saki shi ne rawayar, kuma ya yi yawan da ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, banƙarewar nan alamarsa ce. Fitila kaɗai ba za ta isa ba. Sai an canza masa jini: a riƙa zuƙe nasa kaɗan-kaɗan ta cibiya, ana mayar masa da wani. Ta ce aikin yana da haɗari, amma barinsa ya fi haɗari. Aka miƙo takarda mu sa hannu. Abban Hanifa ne ya sa.

Sai kuma neman jini. Ba kowane ake so ba, sai sabo, wanda ya dace da nawa da na yaron. Abban Hanifa ya buga waya ɗaya kasuwa. Kafin la'asar sai ga abokan sana'arsa da masu dako sun cika barandar ɗakin gwaji, wasu ko sunansu bai sani ba, 'yan ci-rani ne da suka ji an ce jaririn wani ɗan'uwa na neman jini. A cikinsu aka samu wanda nasa ya dace, wani mutumin Illela. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya bayar ya koma bakin aikinsa. Allah Ya saka masa da Aljanna.

Aka shiga da Baffa wani ɗaki aka rufe ƙofa. Ni da Inna muka zauna a kan benci. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai in miƙe, in duba fuskarsa, in ga ko ita ce fuskar mai zuwa faɗa mini. Inna tana ta jan carbi. Can ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Wancan ma haka ya yi."

Na ce, "Wa, Inna?"

"Wanda Hadiza ke bi."

Hadiza ita ce babbar yayarmu. Na san an yi wani namiji kafin ita, ɗan farin Inna, wanda bai zauna ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Ɗan fari ne, ko yana raye ba za ta kama sunansa ba, balle ya rasu.

Ta ce, "Kwana shida ya yi. Ya yi rawaya, ya daina kama nono, ya riƙa banƙarewa kamar yadda wannan ya yi. Babanku ya kira mai allurar garinmu, ya yi masa da safe. Kafin la'asar ya cika. Kowa ya ce allurar ce. Shekara arba'in ina cewa allurar ce." Carbin ya tsaya a hannunta. "Akwatin nan, da shi aka kai ni ɗaki. A cikinsa na ajiye kayansa. Da kafur."

Na kama hannunta, sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa.

Ana kiran magariba likita ta fito ta ce an gama, yana numfashi, yanzu sai a jira a gani. Jiran nan shi ne satinmu na biyu. Kullum da safe a tsaga masa diddige a ɗebi jini, kullum in tsaya a bakin ɗakin gwaji ina jiran takarda. Ba a barin uwa ta kwana kusa da ɗanta, wani ɗaki aka ba mu, mata da yawa a kan tabarmi, ni da ɗanyen jego ba ruwan zafi ba kunun kanwa. Nono nake tatsa a kofi, a zura masa ta wata siririyar roba a hanci. Ranar Litinin da rana aka ɗauke wuta, fitilun suka mutu, janareto ya ƙi tashi na wani lokaci. Na tsaya a taga ina kallon ɗana cikin duhun akwatin gilashin da aka kwantar da shi, ina jin kamar rawayar tana komawa jikinsa ina gani. Na yi wa wani ma'aikaci tsawa, abin da ban taɓa yi wa namiji ba. Sista Saratu ce ta janye ni gefe ta zaunar da ni.

Ranar Talata aka raɗa suna a ƙofar masallacin layinmu, ba jariri ba mai jego. Aka mayar da sunan mahaifin mijina, shi ya sa muke ce masa Baffa. Da hantsi Abban Hanifa ya zo, aka ba shi riga da takalmin asibiti ya shiga, ya sunkuya a kan gilashin ya faɗa wa yaron sunansa. Da ya fito ya juya mini baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

A ranar ne likita ta rubuta mana wasu haruffa a takarda: G6PD. Ta ce jinin da suka ɗiba kafin canji ya nuna Baffa yana da ƙarancin wannan sinadari, da shi aka haife shi, kuma za a sake gwadawa bayan wata uku a tabbatar. Da rana na zauna na buga haruffan a waya. Kada ku yi irin abin da na yi. Na faɗa cikin zane-zane da sunaye, na ga wani dogon suna a gaban G6PD da kibiya a tsakaninsu. Na kwafe shi harafi-harafi a bayan takardar: 6-phosphogluconolactonase. Raina ya ba ni cewa wata cutar ce ta biyu da ke biyo bayan ta farko, likita ta ɓoye mana ne don kada mu firgita.

Washegari na tare likita a baranda na nuna mata. Ta karanta, ta dube ni, ta kira Sista Saratu da Abban Hanifa, ta zaunar da mu. Ga abin da na riƙe daga bayaninta. Jar ƙwayar jini tana da wata kariya da take haɗa wa kanta daga sukari, kuma aikin hannu da hannu ne. Ma'aikaci na farko shi ne G6PD: ya karɓi sukari ya sarrafa, a wajen sarrafawar kariyar ke fitowa. Abin da ya saura a hannunsa a naɗe yake kamar zobe, shi ake kira lakton. Mai dogon sunan nan ma'aikaci na biyu ne, aikinsa kawai ya fasa zoben da ruwa, ya buɗe shi, ya miƙa wa na gaba. Ba cuta ba ce, kowa yana da shi, kuma ba shi ne matsalar Baffa ba. Na farkon ne mai rauni. In ba abin da ya taɓa jinin, raunin ba ya nunawa. Amma in kafur ya shiga jiki, ta numfashi ko ta fata, kariyar ba ta isa, sai ƙwayoyin su farfashe.

Abban Hanifa ya ce, "Kamar saukalen albasa daga mota ke nan. In na saman mota ba ya miƙo buhu da sauri, na ƙasa ko ƙarfinsa ya kai ina, tsayuwa zai yi."

Da aka fassara wa likita ta yi dariya ta ce haka ne. Ni ma na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, amma bai daɗe ba, don tambayar da na yi ta gaba ita ce daga ina ya samo. Ta ce ɗa namiji ta wajen uwa yake gadonsa. Mace kan ɗauke shi a jininta ba ta sani ba, shi ya sa Hanifa ta sa kayan nan ba abin da ya same ta, ko da yake ita ma ya kamata a gwada ta. Kuma duk namijin da zan sake haifa yana iya zuwa da shi.

Na sunkuyar da kai. Ina tunanin Yaya Talatu da dangin miji, da abin da za a ce: jinin gidansu ne, kuma uwarta ce ta kawo kafur. Muna fita na ce masa, "Abban Hanifa, don Allah kada ka faɗa a gida." Ya ce, "Zan faɗa, saboda akwai kafur a ɗakin kowaccensu. Wanda kuma ya ga laifinki ko na Inna, ya zo ya same ni." Ya faɗa ɗin. An yi 'yan maganganu, na ji wasu, amma ba wanda ya kawo mini su a gabana.

Kwananmu goma sha ɗaya aka sallame mu. Kafin mu dawo Inna ta riga ta koma ɗakinmu ta kwashe duk abin da ya taɓa shiga akwatin nan, ta wanke ta sake wankewa, ta ga ƙamshin ya ƙi fita, ta ba masu kwashe shara har da akwatin. Ta zauna ta yi mini wankan jego har arba'in, amma sai da ta yi kwanaki ba ta yarda ta ɗauki yaron ba. Sai ranar da na ɗora mata shi a cinya na shige banɗaki na ƙi fitowa da wuri.

An ba mu takardar abubuwan da zai kiyaye har girmansa. Ban da kafur, akwai man shafawa mai yaji irin na mura da muke goga wa jarirai a ƙirji, da lalle a jikinsa, da wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Ba a saya masa magani a kemis, ba a ba shi jiƙo. Duk likitan da zai duba shi, haruffan nan nake fara faɗa masa kafin gaisuwa. An ce in na ga fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko idonsa ya sake launi, in taho a guje. Wata biyu na yi ina buɗe nafkin ɗinsa a bakin taga ina duba launin fitsarinsa.

Da ya cika wata uku gwaji ya tabbatar da maganar likita. A ranar ta gaya mana sauran abin da ya rage: rawayar da ta kai inda tasa ta kai takan bar tabo, a wuya, ko a motsin jiki, ko a kunne. Wuyansa ya yi jinkirin tsayawa, muka yi ta zuwa asibiti gashi duk sati, har Allah Ya sa ya tsaya. Kunnen ne ya hana ni sukuni. Sai in lallaɓa ta bayansa in tafa hannu, wani lokaci ya zabura, wani lokaci ko gezau. In saki faranti a ƙasa, in kira shi daga ƙofa, in kunna rediyo in kashe. Layin masu gwajin ji yana da tsawo, sai da muka jira wata biyu. Aka manna masa wayoyi a kai yana barci, ina zaune ina kallon allon da ban san karatunsa ba. Mai gwajin ya ce kunnen dama lafiya lau. Na hagu kuwa kaɗan yake ji, kuma da wuya ya dawo.

Na yi kuka a cikin danfo har gida. Daga baya na tashi na yi alwala na yi sujadar godiya, don na san inda muka fito.

'Yan'uwana mata, ku fitar da jaririnku haske kullum a satin farko, ku duba idonsa da dasashinsa. In kun ga rawaya kada ku jira rana ko gulukos, kada ku ji tsoron allura, ku tafi asibiti a ranar. Ku raba kayan jariri da kafur. Ku kuma faɗa wa iyayenku da lallashi, don abin da suka sani ne suke yi, kuma wasunsu suna ɗauke da abin da ba su taɓa faɗa ba. Allah Ya saka wa Iya Tope da Sista Saratu da likitar nan da alheri, Ya ba duk mai jinya lafiya.

Jiya da yamma ina tankaɗe a tsakar gida, Baffa na zaune a kan tabarma, Hanifa ta dawo daga Islamiyya da alewa a hannu. Ta durƙusa ta hagunsa za ta yi masa raɗa, sai ta tsaya. Ba wanda ya taɓa koya mata. Ta tashi ta zagaya ta damarsa, ta kafa baki a kunnensa ta ce, "Kada ka faɗa wa Umma, zan sam maka." Ya juyo ya dube ta, ya washe baki da haƙoransa biyu.